Yadda zaka shirya ma tseren kwale-kwale in kana son ka shiga da gaske

Ni ba masunci bane, tela ne a Yelwan Yauri, amma tun ina yaro nike bin kawuna bakin gulbi, shi ya fara dora min filafili a hannu, kuma yau shekaru kenan duk sanda anka ce akwai tsere to sai na rufe shago. Samari da yawa na tare ni bayan an watse Rigata, wato bikin tseren jiragen ruwa na Yauri, suna cewa Malam don Allah ya ake shiga abin nan, muma muna so. To ga abinda na sani, na karamin jirgi nike magana, mai mutum biyu, ba manyan nan masu daukar jama'a da makada ba.

Abu na farko, iyo. In baka iya iyo ba kada ka karanta sauran, je ka koya tukuna, kuma ko ka iya ka nemi rigar ruwa irin mai soso din nan ka daure ta sosai. Nasan wasu zasu ce ai abin kunya ne dan Yauri da rigar ruwa, to duk wanda yake nan sanda jirgi ya nutse a wajen Warra a watan Mayun 2021 yaga yadda anka dinga fito da bayin Allah, ba zai kara fadin haka ba. Akwai gwanayen iyo da gulbin Kwara ya ci. Ka gaida Sarkin Ruwa da dattawan mashaya kafin ka fara atisaye a wurinsu, su zasu fada maka inda dorina take kwana da inda kututturan itace suke boye karkashin ruwa, don tun da anka gama dam din Kainji a 1968 ruwa ya hau kan gonaki da garuruwa da dazuzzuka, itatuwan nan wasu har yau suna tsaye a kasa suna jiran cikin jirgi.

Sai jirgin kanshi. Na tsere siriri ake so, dogo, marar nauyi, ba na dakon buhunan shinkafa ba. In aro zakayi ko haya ka kife shi a tudu ka bi hadin katakon daya bayan daya da yatsa, duk inda kaga haske na ratsawa ka cusa tsumma ko auduga ka bi da kwalta mai zafi. Jirgin da ya dade a rana katakonshi ya bushe ya ja baya, saboda haka ka sa shi ruwa kwana biyu ko uku kafin tsere ya kumbura ya rufe bakinshi, amma kuma kada ka barshi ya jiku makonni, zai yi nauyi kamar an loda mishi dutse. Ka kankare gansakukan da ta kama cikinshi. Ka yanka jarka ka daure ta da igiya a jikin jirgi don kwalfe ruwa, a daure nace, domin ranar da kake bukatarta ita ce ranar da zata bi ruwa.

Filafili kuma ka samu daidai tsawonka, wanda hannunka ya saba dashi. Kada ka karbi sabo ranar tsere, zai yi maka kanta da bororo tun ba'a je rabi ba.

Yanzu ga inda maganar take. Yawancin sabbin shiga suna dauka karfin damtse ne ke cin tsere, sai suyi ta daga karfe suna cika ciki da tuwo. Kawu yakan ce min, kai yaro, ruwa ba'a kokawa dashi, karanta shi akeyi. Na dade ban gane ba. Gulbi ba gudu daya yake ba daga wannan gaba zuwa waccan, tsakiya yafi karfi, bakin gaba yafi sanyi, a kwana kuma ruwa yafi gudu ta waje inda yake cin gaba, ta ciki inda yashi ke taruwa lallausa ne. To in kuna gangarawa ka nemi tsakiya ruwa ya dauke ku, in kuna haurawa ka lafe kusa da gaba ko bayan gungu, wato tsibiri, inda ruwa ke juyowa baya, ko da hanyar tafi tsawo zaka riga wanda ya mike sambal yana fada da tsakiyar Kwara. Amma kada ka lafe har ka shiga tsandauri, jirgi a ruwan da bai kai gwiwa ba ja yake kamar an rike mishi wutsiya, ga kainuwa da ciyawa masu nade filafili.

Yadda zaka koyi wannan ba wuya, hakuri ne kawai yake so. Ka tafi da safe ka zauna a gaba ka jefa kara ko busasshen zangarniya uku, daya kusa, daya tsakiya, daya can, ka dubi wanda ya riga. Ka dubi fuskar ruwa, inda yayi sumul yana sheki yawanci zurfi ne, inda yake kananan tafasa akwai abu a kasa, inda kumfa da shara ke zagaye wuri daya ruwa na juyawa ne. Kuma ka sani ruwan bara ba shine na bana ba. Mu nan cika biyu muke gani, farin ruwa na damina mai laka, sannan bakin ruwa da ke isowa cikin hunturu bayan ya taso tun daga kasar Gini ya ratso Mali da Nijar, kowanne da halinshi kuma yashi na kaura, inda ka wuce lafiya bara bana sai kaji kasa ta kama ka.

Iska ma haka. Da sassafe ruwa kwance yake, in hantsi ya daga iskar hunturu ta taso daga gabas maso arewa sai igiya ta fara, saboda haka kayi atisaye a lokacin da za'ayi tseren, ba da asuba kadai ba don yafi dadi. In iska na gabanku na gaba ya dan matsa gaba hancin jirgi ya kwanta kada iska ta dinga kada shi, ku sunkuya, ku gajarta bugu. In igiya tayi girma kada ka bata gefen jirgi, ka tare ta a karkace da hanci. Na kan kalli tseren kananan jiragen Turawa masu tafiya da iska a waya, irin wanda akeyi a gasar Olamfik, a Legas ma suna da kulob dinsu, abinda ya burge ni shine suna iya tafiya wajen da iska ke fitowa ta hanyar yin kwana-kwana, saboda akwai wani allo da suke zurawa ta karkashin jirgi yana hana shi zamewa gefe. Namu bashi da wannan, mun taba dinka buhuna muka daura a gora don gwaji, in iska na bayanka dadi kamar me, in ta juyo sai dai ka nade. Amma tunanin daya ne, suma wanda ya fi karanta iska da ruwa shi ke gaba.

Abokin tuki. Wallahi gara ka samu mai matsakaicin karfi da kuka saba da ka dauki kato wanda baku taba zama jirgi daya ba. Na gaba shi ke bada kida, bugunshi ake bi, na baya shi ke da linzami da ido, shi zai ce canza, shi zai ce kara. Filafilanku su shiga ruwa tare su fito tare, in daya ya riga daya jirgi zai dinga rawa yana zubar da gudu. Ka tuka da bayanka da kugunka, ka mika gaba ka dasa filafili ya nutse duka sannan ka ja, ka fitar dashi daidai kugu, abinda ya wuce nan daga ruwa kawai kake sama. Mu munka fi wata biyu muna fita bayan la'asar kafin in fara jin numfashin abokina ba sai na kalle shi ba.

Ranar tsere ka ci abu marar nauyi da wuri, kunu ko fura, ka sha ruwa. A wajen tashi kada ka shiga tsakiyar cunkoso don nan ake karo da karyewar filafili, ka nemi gefen da ka riga ka karanta. Bugu goma na farko gajeru da sauri don jirgi ya tashi, sannan ku koma dogon bugu, kada kidan kalangu da ihun mutane su dauke ka ka kone karfinka a farkon hanya. Wajen juyawa ne ake cin mutane, ka shigo da dan fadi ka fita a matse, na gaba ya ja hanci ciki na baya ya bude.

In kun kife, kuma zaku kife wata rana, kada ka saki jirgi ka ce zaka yi iyo zuwa gaba. Ka fara kiran abokinka kaji muryarshi. Ni ya taba faruwa dani a wajen juyawa, wani jirgi ya doke mu ta gefe, kafin in ankara ina cikin ruwa filafili na hannuna, abinda ya taimake mu shine mun sha gwada wannan da gangan a ruwa marar zurfi. Ku birkito shi, ku kama shi ta baki ku dinga turawa gaba da baya da karfi ruwan zai dinga fita ta hanci da gindi, in ya dan taso marar nauyinku ya hau ta karshe ba ta gefe ba ya kwalfe da jarka, sannan dayan ya hau. Ku gwada wannan sau da yawa kafin ku taba shiga layi.

In ka fara jin kanka, ka je Argungu lokacin bikin kamun kifi kaga wasannin Kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa, a gulbin Matan Fada, bikin nan tun 1934 ake yinshi, ruwansu ya fi namu kankanta da matsi, tukinsu daban ne kuma akwai abin koyo a wajen Kabawa musamman juya jirgi a wuri kadan. Sannan mai yawan shiga ruwa ya dinga lura da fitsarinshi, in kaga jini yana iya zama tsargiya, ka tafi asibiti akwai maganinta, kada ka tsaya jike-jike.