Yadda ake rubuta tarihin bargon ƙyallaye na gado, a kuma adana shi

A gidaje da yawa akwai bargo ko shimfiɗar gado da wata kaka ko gwaggo ta haɗa da hannunta daga guntayen atamfa da shadda, ragowar anko, da ƙyallayen da ake samowa wajen tela. Abin da ya fi kashe irin wannan bargo shi ne wanki. Wanda ya gaje shi sai ya ga ya yi dauɗa, ya jiƙa shi da omo, ya cuɗa, ya matse, ya rataya a igiya cikin rana. Kafin magariba ja ya zuba a kan fari, ɗinki ya ɓare, audugar ciki ta dunƙule gefe guda. Saboda haka a kiyaye jerin aikin: tambaya tukuna, sai hoto da rubutu, sai dubawa. Wanki shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a ma buƙatarsa. Galibin abin da ke nan ya shafi gwado da luru da tsohon saƙi ma.

A fara da tsofaffin gida

Yadi zai iya jira, tsofaffi ba za su jira ba. A shimfiɗa bargon a gabansu, a bar su su taɓa shi, domin hannu yana tuna abin da baki ya manta. A nemi izininsu a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, sannan a tambaya: wa ya ɗinka shi, a wane gari, a wane gida? Ita kaɗai ta yi ko da taimakon kishiyoyi da 'ya'ya? Don wa aka yi, kayan ɗakin amarya ne ko na goyo? Hannun wa da wa ya bi kafin ya iso nan? Daga nan a bi ƙyalle ɗaya bayan ɗaya: wannan na zanen wa ne, wancan ankon bikin wa?

Ba kasafai tsohuwa za ta ba da shekara da lamba ba, amma za ta ɗaura ta da wani abu da ya faru. "Shekarar da aka kashe Sardauna" 1966 ke nan. Canjin hannun tuƙi a Nijeriya 1972, fitowar naira 1973, rasuwar Murtala 1976, canjin kuɗi na zamanin Buhari 1984. A Nijar, hawan Kunce mulki 1974 ne. A rubuta maganar yadda ta faɗe ta, a sa shekarar a gefe.

In da hali a tambayi kowace ita kaɗai kafin a haɗa su, don idan babba ta yi magana ƙarama takan yi shiru ko da ta fi ta sani. In bayaninsu ya saɓa, a rubuta duka biyu da sunan mai kowanne. A kuma bambanta "na gani da idona" da "na ji an ce".

Hoto, awo da taswira

A shimfiɗa farin zanen gado mai tsabta a inuwa, da safe ko bayan la'asar, a ɗora bargon a kai. Kada a kunna fitilar waya, tana ɓata launi tana ɓoye tudun ɗinki. A hau kujera a ɗauki fuskarsa gaba ɗaya daga sama, wayar tana kallon ƙasa daidai, sannan a juya a ɗauki bayansa. Sai na kusa: kusurwoyi huɗu, kalmasa, ɗinkin hannu, duk wani rubutu, da kowane tabo ko yagewa. A ajiye rula a cikin hotunan kusa don a san girman abin.

A auna tsawo da faɗi da tef a wurare uku, gefe biyu da tsakiya, domin aikin hannu ba ya fita daidai. Sannan a zana taswira a takarda: layukan da suka sauko a sa musu haruffa, na kwance lambobi. Ta haka kowane ƙyalle ya sami adireshi, a rubuta misali "C4: jar atamfa mai ganye, zanen sunan Yaya Babba, in ji Gwaggo". Idan ƙyallayen ba su bi layi ba, a buga hoton a takarda a sa lambobi a kansa. Wannan taswira ita ce zuciyar aikin. Ba tare da ita ba, muryar da aka ɗauka tana cewa "wannan" da "wancan" ba za ta amfani jika ba.

Abin da yadin ke faɗa da kansa

Ƙa'ida ɗaya ba ta kuskure: ba a gama bargo kafin a buga ƙyallen da ya fi sabunta a cikinsa ba. Don haka a nemo mafi sabo. Atamfar tunawa da wani biki ko ta kamfen ɗin siyasa ita ce shaida mafi ƙarfi, kamar ta samun 'yancin kai a 1960 ko ta bikin Festak na 1977. Amma a lura ko wurin faci ne da aka yi daga baya. Zaren da ya bambanta da saura shi ke tona hakan.

A duba bayan ƙyallaye da cikin kalmasa ko bakin atamfa ya tsira, domin a nan masaƙa ke buga sunanta da lambar zane. Za a iya cin karo da Vlisco ta Holan, ABC ta Ingila, ko masaƙun Kaduna irin su UNTL da Arewa. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, don haka yadinta ba zai girmi wannan shekara ba.

Don gane irin zare, a ciro silin da ya riga ya zazzago, kada a yanka daga jiki, a riƙe da hantsaki a kusantar da ashana nesa da bargon. Auduga tana ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba yana narkewa ya dunƙule da tauri. Ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi. A leƙa ta inda ɗinki ya buɗe a ga abin da ke ciki: auduga ce, audugar rimi, tsohon bargo ko soso. Wannan shi zai yanke hukuncin wanki.

Ƙura da ƙwari

A wanke hannu, a cire zobe da awarwaro. Kada a kaɗe bargon, kada a buge shi da sanda. A ɗora guntun gidan sauro a kai, a bi da burushi mai laushi, ko injin zuƙar ƙura a mafi ƙanƙantar ƙarfinsa, bakinsa bai taɓa yadin ba. Gidan sauron yana hana sakakken zare tafiya.

Asu ya fi cin ulu da siliki, alamarsa ƙananan huji da 'yar saƙa kamar ta gizo. Kyankyaso sitaci da tabon abinci yake bi. Gara kuwa ba ta zaɓe, tana iya gamawa da bargo a damina guda. In an ga ƙwaro mai rai, a tabbatar bargon a bushe yake, a sa shi a leda mai kauri, a fitar da iska a ɗaure tam, a saka a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako ɗaya zuwa biyu. Da an fitar, a bar shi cikin ledar yini da kwana kafin a buɗe, don raɓa ta kwanta a kan leda, ba kan yadi ba. Sai dai wannan yana aiki ne inda wuta ba ta yankewa. In firizar tana narkewa tana sake daskarewa, ƙwai yana iya tsira. Kada a fesa maganin sauro ko fiya-fiya. Kafur ma a bar shi: warinsa yana kama yadi ya ƙi fita, kuma yana da haɗari ga jarirai, yana iya fasa jinin wasunsu ya jawo shawara.

Wanki, in ya zama dole

Tsohon tabon goro, lalle ko tsatsa ba zai fita ba sai an ci yadin, a bar shi a rubuta shi a taswira. Wanki ya halatta ne idan akwai maiƙo, fitsari ko abincin da ke kiran ƙwari.

A fara gwada kowane launi. A jiƙa farar auduga da ruwan sanyi, a danna a kan ƙyallen na minti ɗaya, a duba, sannan a maimaita da ruwan sabulu. Ja, kore da rinin baba su suka fi zuba. Launi ɗaya ya fito, an fasa wankin. Haka kuma ba a jiƙa bargo mai siliki ko ulu, mai audugar rimi, mai soson da ya fara marmashewa, ko wanda yadinsa ke yagewa da ɗan ja.

Idan ya tsallake gwaji, a zaɓi busasshen yini na rani. A shimfiɗa tsohon zanen gado a cikin babban baho, bargon a kansa. A yi amfani da ruwan sanyi mai tsabta, da cokalin shayi ɗaya na sabulun ruwa marar bilic da turare a kowace lita 10. Omo, bilic da sabulun soda suna cin tsohon zare. A bar shi minti 10 zuwa 15, ana dannawa da tafin hannu, babu cuɗa babu murɗa. A zubar da ruwan ba tare da ɗaga bargon ba, a ɗauraye sau huɗu ko biyar har kumfa ta ƙare. Jiƙaƙƙen bargo yana da nauyin da zai tsinka ɗinkinsa, don haka mutum biyu su ɗaga shi ta hanyar kama zanen da ke ƙarƙashi. A tsane ruwan da tawul, a shimfiɗa shi kwance a inuwa mai iska, a rufe da siririn farin yadi saboda ƙura, ana juyawa. Ba shuni, ba sitaci, ba guga.

Gyara da sa suna

Kada a cire ƙyallen da ya mutu, shi ma shaida ne. A rufe shi da siririn net mai launi kusa da nasa, a ɗinke net ɗin da hannu a kan layin ɗinkin da ke kewaye, inda yadi ya fi ƙarfi, da siririyar allura da zaren auduga. Kada a ja zaren da ƙarfi. Keken ɗinki yana huda tsohon yadi kamar zarto, gam da salatif kuma suna barin tabon da ba ya fita. Duk gyaran da aka yi a rubuta ranarsa da wurinsa.

Sai a yanki farin yadin auduga wankakke, kimanin santimita 10 da 15, a rubuta da alƙalamin yadi marar zuba: sunan mai ɗinki, gari, shekara ko kimaninta, da sunan mai riƙo yanzu. A bar tawadar ta bushe, a ɗauraye ƙyallen a gani ko ta zuba, sannan a ɗinke shi da hannu a kusurwar baya. Takarda tana rabuwa da bargo, wannan kuwa yana tafiya da shi.

Ajiya

Mafi kyau shi ne a shimfiɗa shi a gadon da ba a kwana a kai, a rufe da zane. In babu, a naɗe shi a jikin bututun roba mai faɗin santimita 10 da aka lulluɓe da akoko, fuskar bargon tana waje. In sai an ninke, a cusa naɗaɗɗen akoko a cikin kowane ninki don kada ya karye, a kuma canja wurin ninkin duk wata uku zuwa shida, domin a kan layin ninki zare ke fara tsinkewa.

A lulluɓe shi da akoko ko farin zanen auduga da aka wanke aka ɗauraye sosai. Kada ya zauna a leda ko jakar roba, suna riƙe danshi su haifar da fumfuna. Adakar ƙarfe tana tsatsa, katako kuma yana sa rawayan jirwaye, don haka a shimfiɗa akoko ninki biyu ko uku tsakaninsu da bargon. A ɗaga akwatin daga ƙasa da bulo, a janye shi daga bango kimanin taƙi ɗaya don a ga hanyar gara in ta taso. A guji kusa da rufin kwano, madafa da bangon banɗaki. Koɗewar da rana ke yi ba ta gyaruwa, ko ta taga ta shigo.

A buɗe shi sau uku a shekara: kafin saukar damina, cikin Agusta lokacin da laima ta fi yawa, da bayan ɗaukewar ruwa. A sha masa iska a inuwa na 'yan sa'o'i, a kwatanta shi da hotunan farko.

Bayanin kuwa a yi shi kwafi uku: ɗaya bugagge a ambulan kusa da akwatin amma ba jikin yadin ba, ɗaya wajen wani ɗan'uwa a wani gida, ɗaya a imel ko ma'ajiyar intanet. In za a tura hotuna ta WhatsApp a tura su a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar tana rage musu inganci har rubutun bakin atamfa ya daina karantuwa. A shafin ƙarshe a rubuta wanda dangi suka amince ya riƙe bargon, da wanda zai karɓa bayansa, a bar sarari a ƙasa don sunaye masu zuwa.