Yadda Za a Tantance Sunan Keziya Kafin a Raɗa wa Jaririya

Iyayen da ke sha'awar sunan Keziya, wanda ba kasafai ake jin sa a Kano ba, ya kamata su fara da binciken asalinsa tun kafin ranar suna ta ƙarato. Sunan ya fito ne daga Ibrananci, kuma yana cikin Littafin Ayuba na Littafi Mai Tsarki (Baibul), sura ta 42, aya ta 14, inda aka ambace shi a matsayin sunan ta biyu cikin 'ya'ya mata uku da Ayuba ya haifa bayan jarrabawarsa. Ma'anarsa ɓawon wani itace ne mai ƙamshi, ɗan'uwan kirfar da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi.

Iyalin Musulmi su tuntuɓi malami tukuna, domin Alƙur'ani bai ambaci sunayen 'ya'yan Annabi Ayuba ba, shi ya sa aka fi samun sunan a gidajen Kiristoci. Daga nan sai a tsayar da rubutu guda ɗaya, Keziya ko Keziah, kafin a je Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa karɓar takardar haihuwa, saboda bambancin harafi ɗaya kan jawo wahala wajen rajistar jarrabawa da neman fasfo.