Kurakuran Feshi da Ke Kashe Zanzaron da Ke Tsaron Gona

A fadamun shinkafa na Argungu da Suru, da gonakin wake na tudu, akwai ƙananan zanzaro da ba sa harbin mutum, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Macen takan zuba ƙwanta cikin ƙwai ko jikin tsutsa, ɗanta ya cinye ta daga ciki. Magani ya fi saurin kashe su, domin tsutsa tana ɓoye cikin kara ko kwanson wake, zanzaro kuwa yini yake yana tattaka ganyen da aka jiƙe da guba.

Kuskure mafi muni shi ne saurin feshi. Manomi ya ga 'yan huji a ganyen shinkafa mai mako uku, sai ya goya injin da lambda-cyhalothrin ko cypermethrin. Alhali a kwana 40 na farko shinkafa tana maye ganyen da aka ci. Waɗannan magunguna ba sa zaɓe, zanzaro ne ke fara ƙarewa, ƙwarin su dawo babu mai tare su. Irin wannan ce ta sa Indonesiya ta hana magunguna 57 a shinkafa a 1986. Kafin feshi, a duba gindi 20 a sassa daban-daban na gonar, kowane mako.

Da yawa kuma ba su san alamar aboki ba. Fararen 'yan gidajen saƙa kamar ƙwayar shinkafa kusa da matacciyar tsutsa na zanzaro ne, ba ƙwan tsutsa ba. Haka darɓar wake da ta kumbura ta bushe, da ɗan rami a bayanta. In an ga waɗannan da yawa, a jinkirta feshi, a sake dubawa bayan kwana 3.

Shinkafar da ganyenta ya koma kamar na albasa, ɓarnar tsutsar da ke cikinta ta riga ta auku. Feshi a lokacin asarar kuɗi ce, zanzaron Platygaster, mai kashe wannan tsutsa, kawai zai kashe.

A wake, dimethoate da imidacloprid suna shiga jikin shuka, zanzaro kuwa ruwan fure yake sha, sai gubar ta kai gare shi. Feshi 2 ko 3 sun isa, daga fitar fure zuwa ɗaurin kwanso, bayan la'asar, da ma'aunin da ke jikin kwalba, ba ƙarin murfi. In ɓarnar ba ta yi yawa ba, a daka gram 500 na ƙwayar darbejiya, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace. Ciyawa mai fure ta bakin gona kada a fesa mata komai.