Yadda Za Ka Amsa Tambayar "Me Ya Fara Faruwa?" a Jarrabawar Auna Fahimta

Fara duba tambayoyin, sannan ka karanta labarin sau biyu. A karo na biyu ɗauki fensir, ka ja layi ƙarƙashin kalmomin lokaci: kafin, bayan, washegari, tuni.

Sai ka sa 1, 2, 3 a gefen kowane abin da ya faru. Nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, domin abin da aka fara ambata ba lallai shi ya fara faruwa ba. Dubi wannan: "Kafin ta kunna fitila, sai da ta kulle ƙofa." Kulle ƙofa ne na 1, ko da yake ya zo a ƙarshen jimla. "Tuni" ma baya take mayar da kai, a kula da ita sosai.

Daga nan gwada kowane zaɓi da lambobinka, kada ka amsa da ka.