An bar jaki ana dukan taiki: kurakuran da muka fi yi wajen cefane da zirga-zirga lokacin annoba

A watan Maris na 2020, da aka yi bikin kamun kifi na Argungu bayan an daɗe ba a yi ba, ina cikin jama'ar da suka cika bakin Matan Fada, kafaɗa na gogar kafaɗa. Tun 27 ga Fabrairu an samu mutum na farko mai korona a Legas, amma mu a nan labarin rediyo ne kawai. Watan bai ƙare ba sai da aka rufe makarantu, aka ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja. Ni kuwa da na je kallon kifi ba ko ɗar, sai ga ni a tsakar gida ina wanke ledar cefane da ruwan omo.

Ni ne mai cefanen gidanmu a Birnin Kebbi, gida mai yara da tsohuwa mai hawan jini, don haka kurakuran da zan faɗa yawancinsu da hannuna na yi su. An sanar da ƙarshen dokar ta-ɓaci kan korona a duniya tun watan Mayun 2023, amma annoba ba baƙuwarmu ba ce. Sanƙarau ya yi ɓarna a Zamfara da maƙwabtanta a 2017, kwalara ta ratsa jihohinmu a 2021. Wata za ta zo, kuma ko ta zo ba za a fasa cin tuwo ba, dole wani ya fita.

Babban kuskuren, wanda ya haifi sauran, shi ne mun ji tsoron kaya fiye da yadda muka ji tsoron numfashi. Korona ta fi bin iskar da ke fita daga baki da hancin mai ita, in ya yi tari, ko atishawa, ko hira kawai, ta kuma fi kama mutum inda aka cushe a rufaffen wuri aka daɗe. Kamuwa ta hanyar taɓa kaya tana yiwuwa, amma ba ita ce babbar ƙofa ba. Mu sai muka juya abin. Mutum zai shanya 'yan canjinsa a rana, ya goge kwalbar manja, ya ƙi karɓar goro, sannan ya shiga motar haya zuwa Jega, mutum biyu a gaba huɗu a baya, gilashi a rufe saboda ƙura, a yi ta gardamar siyasa har a isa. Gyaran ba ya cin ko kwabo. A sauke gilashi, ko da ɗan kaɗan ne ta ɓangarori biyu, iska ta riƙa ratsawa. In tafiyar cikin gari ce, kabu-kabu ko Keke Napep da ba a saki labulensa ba ya fi rufaffiyar mota. A ɗaki ma haka, taga biyu a buɗe sun fi fanka mai juya iska ɗaya a rufe. Abin ya fi wuya da hunturu, kuma a daidai lokacin ne, ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, cutar ta sake tasowa a ƙasar nan. Sanyi da hazo suka sa kowa ya toshe taga da tsumma, aka taru ɗaki ɗaya ana jin ɗumi. Gara a ƙara bargo a bar taga.

Sai batun wa ake aika. A gidajenmu aike na yara ne, kuma ba a yi masa lissafi. Magi ya ƙare, a tura yaro. Bai gama zama ba a tuna babu ashana, ya koma. Kafin magariba yaro ɗaya ya shiga shago biyar da gidan maƙwabta uku, sannan da dare ya je ya kwanta bayan kakarsa. Yara ba su cika jigata da korona ba, wani ma ba zai nuna alamar komai ba, amma yana iya ɗauko ta ya kawo wa wadda ba za ta iya da ita ba. Abin da muka koma yi shi ne, da dare uwargida ta faɗi abin da babu, a rubuta a bayan kwalin sukari, mutum ɗaya babba mai lafiya ya fita sau ɗaya ya haɗo duka. Tsoho, da mai ciwon suga, da mai hawan jini ko asma, da mai ciki, waɗannan a ɗauke musu kasuwa. Nan ne aka sha daga da Inna, don ita a ganinta ba wanda ya iya zaɓen kifi sai ita.

"Kai ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake shiga kasuwar nan."

"Na sani Inna. Ki faɗa min wajen wa kike saye, in na kawo bai yi miki ba in mayar."

Sau biyu na mayar. A na uku ta yi shiru, wanda a wajen Inna yabo ne.

Akwai masu cewa a sayi na wata guda a ajiye. Wannan shawarar mai albashi ce da firiza da wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda sai ya fita ya samo na yau ba zai iya ba, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da kowa zai iya shi ne bambance abin da ke ajiyuwa da wanda ba ya ajiyuwa. Shinkafa, gero, wake, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, barkono, banda, albasar Aliero in an baza ta inda iska ke shiga, duk suna kai mako biyu har fiye. In an samu hali aka ɗan tara waɗannan, fitar yau da kullum ta ragu zuwa ta ɗanyen kaya. Masu hali kuma da suka riƙa kwashe buhu-buhu don tsoro, su suka taimaka wajen tsadar da ta faɗa kan maƙwabtansu.

Lokacin fita ma abin dubawa ne. Da aka sa dokar hana yawon dare, sai kowa ya matse hidimarsa cikin sa'o'i ɗaya, kasuwa ta fi da cika. Wanda ya yi sammako, 'yan gwari na sauke kaya, zai gama kafin jama'a su taso. A kasuwa abin da ya fi ja mana lokaci shi ne ciniki, fuska da fuska, ana "albarka" ana "ƙara dai", minti goma a kan naira hamsin. In kana da wanda ka saba saye a wajensa, kira shi tun kana gida ya ƙulla maka, ka je ka ɗauka. Banki kuwa, ranar da albashi ya shiga ba ranar zuwa ba ce in ba dole ba. Mai POS na unguwa da ke zaune a rumfa, ko da zai cire ladansa, ya fi layin da za ka yi sa'a biyu a cikinsa wani na huci a ƙeyarka.

Takunkumi ya sha wulaƙanci a hannunmu. Wani a haɓa yake rataye shi, kamar gemu na biyu. Wani ya rufe baki ya bar hanci a waje. Mafi ban dariya, kuma ni ma na yi, shi ne a sa shi tsaf ana tafiya a fili inda ba kowa, sai an zo gaban mutum za a yi magana a janye shi don a ji da kyau, wato a cire shi daidai lokacin da aka sa shi dominsa. Inda yake da amfani shi ne mota, banki, asibiti, layin awo, cikin rumfunan kasuwa. Ya rufe hanci da baki har haɓa, ba tare da gefe ya buɗe ba. In ya jiƙe da zufa, kuma a zafin Afrilu ba ya daɗewa, a canja. Na yadi a wanke shi da sabulu kullum a shanya a rana, shi ya sa biyu ko uku suka fi ɗaya. Ba a aron takunkumi, ko a ƙofar banki ne mai gadi ya hana shiga. Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba a matsa musu shi. Safar hannu kuwa a bar wa ma'aikatan asibiti. Mai yawo da ita a kasuwa yana taɓa kuɗi, ya taɓa waya, ya sosa ido da ita, yana ganin ya tsira.

Wanke hannu mun iya shi, al'ummar da ke alwala sau biyar ba za a koya mata taɓa ruwa ba. Inda muke kuskure wajen cin abinci ne: kwano ɗaya na ruwa ya zagaya mutum shida, na ƙarshe a dagwalon na farko yake wankewa. A ɗauko buta wani ya zuba wa wani, da sabulu, a cuɗa kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Man tsaftace hannu na kwalba sai sinadarin barasar da ke cikinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari yake aiki, kuma ba ya cin hannun da ya sha maiƙo ko ƙarnin kifi, wannan sai sabulu. Yana kuma kama wuta, kada a shafa a nufi murhu. Moɗar randa ta ƙofar gida da kofin mai shayi da ake ɗauraya a ruwa ɗaya tun safe, su ma a sa musu ido.

Wani abin da na gani da idona, wata maƙwabciyarmu ta jiƙa latas da tumatir a ruwan Hypo mai kauri, wai tana kashe cuta. Ganye da kayan miya ruwa mai tsabta ya ishe su, sai kuma dafuwa. Sinadarin wanke ƙasa aikinsa ƙasa da bayi, kuma ba a gauraya shi da wani sinadarin, hayaƙin da ke tashi yana illata huhu.

Yanzu ga wanda ya fi ci min rai, kemis. Zazzaɓi ya kama ni a tsakiyar damina, tsoron kada a ce korona ce a killace ni ya sa na zagaye asibiti na je wani kemis. Yaron shagon bai tambaye ni komai ba, ya haɗo min kala biyar, har da kafso mai ƙarfi. Kwana huɗu ina sha jiki na ƙara lalacewa. Da aka kai ni asibiti aka ɗiga jinin yatsa, kafin minti 20 gwajin ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, wanda da an gwada tun farko kwana uku ya isa. A Kebbi, jihar da binciken ƙasa ya sha nunawa tana kan gaba wajen maleriya a jikin yara, duk zazzaɓi gwaji yake fara nema. Kafso da ire-irensa ba sa kashe ƙwayar korona ko ta mura, ba irin ƙwayar da aka yi su dominta ba ce. Kuloroƙwin da aka yi ta yayatawa a 2020 ya kai mutane asibiti a Legas saboda sun sha fiye da ƙima. Wanda ya tuna 2014 zai tuna daren da aka yi ta buga waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola, har wasu suka rasa rai. Citta da tafarnuwa da lemun tsami da siracen dogonyaro suna sa maƙogwaro ya ji daɗi, ban hana kowa ba, ni ma ina sha. Amma wanda numfashi ke masa wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko ya fara ruɗewa, ko leɓɓansa suka canja launi, ba mai sirace ba ne, a kai shi asibiti a lokacin.

Wannan tsoron asibitin ya sa mata da yawa sun bar zuwa awo, an tsallake rigakafin jarirai, masu hawan jini sun zauna magani ya ƙare. Ƙyanda ba ta san ana korona ba. A je, a sa takunkumi, a jira a waje ƙarƙashin bishiya har a kira suna, in likita ya yarda a karɓo maganin wata biyu a tafiya ɗaya.

Zumunci shi ne mai wuyar taɓawa. Wa zai ce kada a je gaisuwar mutuwa, ko barka, ko dubiya? Ba sai an yanke ba, a rage zama ne. Maza dama a ƙofar gida suke, a tabarma, iska na kaɗawa. Matsalar tana cikin gida, inda mata ashirin ke cika ɗaki ɗaya tun hantsi har la'asar. A shimfiɗa musu a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, a yi addu'a, a tashi. Hannu a ƙirji da sallama gaisuwa ce cikakkiya. Mai tari ko zazzaɓi ya aika da uzuri, ko masallaci ne ya yi sallarsa a gida har ya warke, bayan ma korona takan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin ta bayyana, don haka wanda ya dawo daga garin da take ya ɗan nisanci tsofaffin gida ko yana jin garau. Masu cewa ai komai ƙaddara ce, malamanmu sun amsa musu tun lokacin: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya hana na ciki fita, Sayyidina Umar kuma ya juya daga hanyar Sham saboda ita. Amma da aka hana tafiya tsakanin jihohi a 2020, har zuwa farkon Yuli, sai aka koma bin hanyoyin daji a kan babur ana biyan ninki.

Na ƙarshe da na lura da shi sai a daminar 2021. Kwalara ta shigo, sai ga mutane sun zaro tsofaffin takunkumansu, suna kuma shan ruwan rijiyar da ambaliya ta shafe. Kowace annoba da ƙofarta, kuma tambayar farko ita ce ta ina wannan take shiga. Sanƙarau da korona ta numfashi da cunkoso, zazzaɓin Lassa ta ɓera da abincin da aka bari a buɗe, kwalara ta ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Nan mai cefane zai juya hankalinsa kan ruwan 'yan garuwa, da ƙanƙarar da aka sa a zoɓo, da yankakkiyar kankana da ƙuda ke bi, da furar da aka dama da ruwan da ba a san asalinsa ba. Ruwan sha a tafasa shi, a rufe, a riƙa tsiyayowa maimakon tsoma kofi. In gudawa kamar ruwan shinkafa ta kama wani, ba a jira gari ya waye, tana iya ƙarar da ruwan jikin babba cikin sa'o'i. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, na fakiti in akwai. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko yana amai, a ci gaba da ba shi a kan hanya har a isa asibiti.