Kwamfuta Tana Ɗaukewa Ba Gaira Ba Dalili? Bi Hanyar Wuta Tukuna

Idan kwamfutar tebur ta mutu ɗif tana tsaka da aiki, babu wani saƙo a allo, galibi wuta ce ta yanke mata na ƙiftawar ido. Kafin ka ɗauke ta zuwa Sabon Gari a ce maka madabod (babban faifan da kayan cikinta ke haɗe a kai) ne, fara daga bango.

Zare ta daga ekstenshan, ka jona a soket kai tsaye. Bakin ekstenshan mai arha yakan saki, filogi ya riƙa rawa a ciki. Shinshina filogin: ƙauri ko baƙin tabo a ƙafafunsa na nuna yana tartsatsi, a sauya shi. Wayar da ke shiga bayan fawa-fak (akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfuta) ma takan yi sako-sako. Ari ta monita ka gwada, yawanci bakinsu ɗaya.

Wutarmu 230V ce, amma kowa a Zariya ya san yadda take faɗuwa da yamma, ko lokacin da ake juyawa zuwa janareto. Mai UPS (na'ura mai batiri da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) ya zare shi daga bango kwamfuta na kunne. In ta mutu nan take, batirin ya gaji. Ƙananan UPS yawanci 12V 7Ah suke ɗauka.

Sai ciki. Kashe, zare waya, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 10, sannan ka buɗe murfin. Babban filogi mai ƙafa 24 da ke kan madabod dole ya shige har maƙallinsa ya yi ƙas. Wanda aka fi mantawa shi ne ƙaramin mai ƙafa 4 ko 8 da ke kusa da furosesa, alhali shi ke ba ta 12V. In bai zauna daram ba, da aiki ya yi nauyi sai mahaɗin ya yi zafi, wuta ta faɗi, kwamfuta ta ɗauke. Cire shi ka duba ramukan da ke daidai da wayoyi masu ruwan ɗorawa. Robar da ta soma narkewa ba ta gyaruwa. Kakkaɓe ƙurar hunturu da busasshen burushi kafin ka mayar.

In kana da ƙaramar mitar auna ƙarfin wuta, auna wayoyin fawa-fak kwamfuta na aiki: ruwan ɗorawa da baƙa su ba da 11.4V zuwa 12.6V, ja da baƙa 4.75V zuwa 5.25V. Ƙasa da haka, fawa-fak ne ya kasa. Sauya shi gaba ɗaya, kuma don Allah kada ka kwance shi, domin kafasitocinsa na riƙe wuta ko bayan an zare waya.