Kafin ka zuba wa moton tsohon keken ɗinki mai, tsaya ka duba irin sa

Sati biyu kafin babbar Sallah wata Hajiya daga Aboabo nan Kumasi ta turo jikanta da keke a ka, Singer 99K ne baƙi mai zanen ruwan zinari, wai na mahaifiyarta ne tun tana ƙarama take ganin shi a ɗaki. Yaron ya sauke ya ce, "Baba, Hajiya ta ce a gaishe ka, wai keken yana hayaƙi kamar ana gasa masara." Na jona, ina taka feda sai wari ya cika shago, moto yana gurnani yana tartsatsi ta ciki amma allura da ƙyar take motsi. Na cire wuta na kwance ɗan baƙin murfin da ke gefen moton, sai ga mai kaca-kaca ya cakuɗe da garin kabon, wato ɗan baƙin abin da ke kai wuta cikin moto, ya zama kamar kwalta. Wani ne ya ga rami ya zuba. Ban ga laifinsa ba don ni ma lokacin da nake koyon aiki a Asawase na yi irin ta, maigidana ya kalle ni ya ce, "Kai yaro, duk ramin da ka gani baki ne?"

To abin da mutane ba su gane ba, kan keke da moto ba abincinsu ɗaya ba. Kan keke yana son mai a kai a kai, in kana aiki kullum ma kusan kullum sai ka ɗiga masa. Moto kuwa yawan mai kashe shi yake yi, wani ma ba ya shan mai sam.

Farko dai cire filogi daga soket, kashe makunni kawai bai isa ba, waɗannan kekunan jikinsu duk ƙarfe ne kuma wayarsu ta tsufa. K ɗin da kake gani a bayan lamba yana nufin a masana'antar Singer ta Kilbowie da ke Clydebank a Sikotilan aka ƙera shi, ita kuwa an rufe ta tun 1980, ka ga ko na ƙarshe-ƙarshen ya haura shekara 40. Robar waya mai wannan shekarun in ka lanƙwasa ta farfashewa take yi.

Sai ka juya moton ka duba gefe biyu inda sandar tsakiya take hutawa, wato wajen bushin. A nan za ka san irin wanda ke hannunka.

In tsohon moton Singer ne na asali, yawanci za ka ga ɗan bututu ko rami mai ɗan faɗi a kowane gefe. Wannan na giris ne. A ciki akwai lagwani na ulu wanda bakinsa ke taɓa sandar, kamar dai na fitilar ƙwai. Moto na juyawa sanda ta yi ɗumi, giris ya narke kaɗan, lagwani ya tsotsa ya kai wa bushin daidai abin da yake buƙata, in aka daina aiki ya huce ya sake daskarewa. Dabarar kenan, kuma wallahi tana burge ni. In ka zuba man keke a ramin nan, shi ruwa ne, wucewa zai yi zar ya bi sanda har ya kai kan zoben jan ƙarfen da kabon ke gogawa, shi ne hayaƙin da Hajiya ta gani. Littafin da Singer ke sakawa a akwatin keke a da ma da manyan baƙaƙe yake hana sa mai a irin wannan moto, ya ce a cika giris daga wata 6 zuwa shekara guda, ya danganta da keken.

Matsalar ita ce wane giris. Mu nan Kumasi da an ce giris hankalin kowa Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, yake tafiya, a je wajen makaniki a ɗebo a leda. Kar ka yi. Giris ɗin mota an yi shi ne don ya jure zafi, sai ya wuce digiri 150 kafin ya saki jiki, moton keke kuwa ba ya kai wannan zafin. Zai zauna a bututu daram, ya toshe lagwani, kai kana ganin ka cika alhali bushin a bushe yake yana cin kansa. Asalin giris ɗin Singer na moto a ɗan tub yake zuwa, yanzu samunsa wuya, ni basilin nake sawa, farin nan zalla marar turare, don shi kafin digiri 60 ya narke. Aibinsa a garin nan shi ne lokacin zafi, wajen Fabrairu da Maris, in shagonka kwantena ne mai rufin kwano yana saurin zagwanyewa, shi ya sa kaɗan nake sawa in riƙa dubawa. Man kaɗe kuma a bar wa fata, na ga wanda ya gwada, tsami ya yi ya daskare kamar kakin zuma.

Yadda nake yi: in samu tsinken ashana in kwashe tsohon giris ɗin da ya zama ruwan ƙasa ya taurare, a hankali don kar in huda lagwani. In lagwanin ya yi tauri kamar itace ko ya yi baƙi ƙirin, sai an kwance moton an canza shi, ko a jiƙa shi a sifirit a matse a bari ya bushe sarai. Daga nan in ɗebi basilin a sirinji marar allura in matsa cikin bututu har ya cika baki, in goge abin da ya fito. Shi kenan. Ba a dannawa da ƙarfi, in ka danna cikin moto zai faɗa.

Akwai kuma 15-91 da 201-2, masu moto manne a bayan keke kamar tukunya, ba bel, haƙoran giya ne ke juya su. Su kofunan giris ɗinsu biyu a ƙasa suke, kwance su ake yi kamar murfin kwalba, a ciki akwai sifirin, wato 'yar naɗaɗɗiyar waya mai tsalle, da lagwani. Sai ka kwantar da keken kafin ka gan su. In ka cire wilin hannu kuma ka shafa kaɗan a haƙoran. Amma hattara, yawancinsu kayan Amurka ne na wuta 110, suna shigowa cikin kayan hom-yus, wato na hannu da ake kawowa daga waje, mu kuwa wutarmu 230 ce. Karanta ɗan farantin da ke jikin moto kafin ka jona, in 110 ne sai da taransifoma, in ba haka ba giris ɗin duniya ba zai cece shi ba, sakan kaɗan ya isa.

Iri na biyu su ne masu shan mai da gaske. Yawancin kekunan Japan na da masu kama da Singer 15, da wasu motocin da ake ɗaura wa Butterfly na China, za ka ga ƙaramin rami kamar na allura a saman kowane bushin, wani an ɗiga masa jan fenti. Waɗannan ɗigo ɗaya, in ya daɗe bai sha ba biyu, na man keke fari mai haske kamar ruwa. Sai ka juya fulin, wato inda bel ke hawa a bakin sanda, da yatsa ya ratsa. Ban da baƙin mai na inji, ban da man gyaɗa, ban da manja, kar ka yi dariya na gani da idona. WD-40 ma na kwance tsatsa ne, bushewa yake yi ya bar ka a inda kake. In man keken naka ya fara rawaya a gora, ya tsufa, sai a ƙofar shago.

In kuma ka duba ko'ina ba rami ba bututu, bushin ɗinsa tagulla ce mai ƙofofi da aka jiƙa da mai tun daga masana'anta. Bar shi. Sai in ya fara ƙara ƙiii, ka karkata shi ka sa ɗigo guda a inda sanda ta fito.

Yanzu ramin da ya jawo duk wannan zancen. Baƙaƙen murafu biyu masu tsaga a kai, ɗaya sama ɗaya ƙasa ko gefe da gefe, gidan kabon ne, ba abin da ake zubawa a nan. Kwance su da sukudireba mai faɗin baki a hankali don tsohuwar roba ce tana darewa, kuma ka tare da yatsa, sifirin ɗin ciki in ya yi tsalle cikin ƙyallaye sai dai haƙuri. Zaro kabon ka lura da yadda yake a zaune, bakinsa ya riga ya lanƙwashe daidai da zoben, yadda ya fito haka zai koma. In ya cinye ya rage ƙasa da milimita 6 a sa sabo. In ya jiƙe da mai irin na Hajiya, wanke da sifirit wani lokaci yana yi, amma sabo ya fi. Sai ka naɗa auduga a tsinke, ka tsoma a sifirit, ka zura ta ramin kana juya fuli har audugar ta daina fitowa baƙa, zoben ya dawo jan ƙarfensa. Na Hajiya sai da na canza auduga wajen sau goma sha. A bar shi ya sha iska sosai kafin a jona, sifirit da tartsatsi ba sa shiri.

Wani abu kuma, sau da yawa ana ɗora wa moto laifin da ba nasa ba. Cire bel ka taka feda, in ya ruga da gudu ba gargada to lafiyarsa lau, kan keken ne ya cije, ƙurar hunturu da gashin yadi sun haɗu da tsohon mai sun daskare, kananzir kaɗan zai sake shi sannan ka bi da man keke. Bel ɗin ma kar a ɗaure shi kamar tsirkiyar baka, in ka danna da yatsa ya kamata ya ɗan lotsa, in ya yi tsauri bushin ɗin gefen fuli yake ci kuma moto ya yi ta zafi.

Lokacin ɗinkin Sallah ka riƙa ɗora hannu a kansa. Ɗumi ba komai, amma in ba za ka iya barin tafinka a kai ba ka tashi ka sha ruwa, moton gida ne ba na masana'anta ba. In dumso ya zo kuma, wato an ɗauke wuta, cire filogi, wasu tsofaffin fedoji akwai ɗan kwandansa a ciki, in ya lalace keke yana iya tashi da kansa in wuta ta dawo ba kowa a shago.

Keken Hajiya dai ranar Alhamis jikan ya zo ya ɗauka, na rubuta kwanan wata a takarda na manna a ƙarƙashin akwatin, na kuma liƙa ɗan salatif a kan murafun kabon ɗin biyu.